Baho Ɗaya Muke da Shi

Ni ne Ɗanjuma, mijin Rifkatu, daga wani ƙauye a gindin duwatsun Riruwai. Ban ce mijin marigayiya ba, don har yau bakina bai iya ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda na yi zamanin da muke wankin kuza, sai ɗan abin da na tsinta a makarantar Lahadi. Saboda haka duk malamin da ya ga baƙi ya karkace a rubutun nan, ya miƙar da shi da kansa, kada ya aiko mini. Na rubuta ne don mai tsohuwa a ɗaki ya ji ya yi hankali. Wanda kuma ya san hancinsa na manya ne, ya ajiye takardar tun yanzu, don zancen kashi za a yi. Bana na ga masu irin wannan hanci da yawa, ƙarin ɗaya ba zai hana ni barci ba.

Bari in fara da ƙyalle, in ba haka ba ba za ku gane inda ciwon ya fi cin ta ba. Tun majami'armu tana da rufin ciyawa, Rifkatu ce ke riƙe da farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a teburin jibin Ubangiji, inda ake ɗora gurasa da ƙoƙo. Ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya biya ta. In an tashi sujada sai ta naɗe shi ta kawo gida, ta wanke shi a bahonsa na musamman wanda ko tsinke ba a sakawa, ta sa masa bula, ta shanya a igiya ta zauna tana gadi kamar mai korar tsuntsu a gonar gero, sa'an nan ta goge da dutsen guga na gawayi. Ni da na biya sadakinta ban isa in taɓa shi ba. Na taɓa ce mata, "Uwargida, da rigata na samun rabin gatan ƙyallen nan, da tuni an zaɓe ni dattijon ikilisiya." Ta ce, "Maigida, ba riga ce ta hana ka ba, baki ne."

Ciwon ya soma lokacin karyar masara. Na lura tana daɗewa a bayan gida, in ta fito sai ta zauna a bakin ƙofa tana haki. Na tambaya, ta ce ba komai. Kun san tsofaffin matanmu, gara su mutu da su ambaci abin da ke ƙasan cibiya a gaban miji. Sai da makonni suka shuɗe ta faɗa wa 'yarmu Ladi, mai aure a Tudun Wada, cewa cikinta ba ya tafiya sai da ƙyar, in ya tafi kuma da jini. Ladi ta faɗa mini a waya. Wato maganar ɗakina sai da ta je Tudun Wada ta dawo kafin ta same ni a tsakar gida.

Duk wanda ya ji sai ya ce basir ne. A ƙasarmu basir shi ne sarkin cututtuka, komai talakansa ne. Ciwon baya basir, jiri basir, mutum ya rasa abin cefane ma in ka bincika basir. Ranar kasuwar Doguwa na tsaya gaban mai magani da lasifika a kan mota, yana jero alamomi kamar a gidana ya kwana. Na sayo jarka, ta sha. Aka kawo saiwa daga rugar Fulani, ta sha. Aka kawo sassaƙe, ta sha. Kowane magani aikinsa ɗaya, ya wanke ciki, cikin kuwa ba hanya, sai ya murɗe ta ta yi ta birgima a tabarma. Kafin Kirsimeti zaninta ya fara zagaya ta sau biyu.

A nan Dattijo Barnaba ya shigo zancen. Shi ne babban dattijon ikilisiyarmu, tsohon akawun kamfanin kuza, mai tabarau, wanda in ya kawo aya sai ya haɗo ta da lambarta kamar motar haya. Ya zo gaisuwa, ya dubi Rifkatu, ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗanjuma, ciwon da ya ƙi magani a duba shi ta wajen ruhu. Littafi cike yake da zancen ƙazanta, kuma ko'ina ka gan ta zunubi ake nufi. Abin da ya toshe a cikin nan, wani abu ne da ba a furta ba." Ya ce akwai wani mai addu'a a wani ƙauye kafin ka shiga Tudun Wada, irin wannan yake fitarwa.

Ba zan faɗi sunan mutumin ba, kada in yi masa talla. Ga yadda yake aikinsa. Rumfa ce babba, marasa lafiya a jere a kan tabarmi, gaban kowa da bokiti. Za a sa ka azumi, sa'an nan a ɗura maka ruwan ɗumi da gishiri da man zaitun, kofi bayan kofi, ana kiɗa ana waƙa, har ka amayar. In ka amayar sai ya ɗaga bokitin sama ya zagaya da shi yana cewa, "Ku duba! Ga hassada! Ga gaba! Ga rowa ta fito!" Jama'a su ɗauki halleluya. Na leƙa bokitai da dama. Ni dai da ƙaramin karatuna duk iri ɗaya na gani, amma shi yana bambance hassada da rowa ta launi.

Rifkatu ta yi azumin. Ya tsaya a kanta ya ce ta furta. Baiwar Allah ta yi ta laluben zunubi kamar mai neman allura a rumbu. Ta ce ta taɓa zagin akuyar maƙwabta. Ya ce ba shi ba ne. Ta ce ta taɓa jin haushin uwar mijinta. Na ce wannan kam ni shaida ne, kuma da dalili. Ya ce in yi shiru. Cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Da amai ya zo, abin da ya fito ba abinci ba ne, warin bayan gida yake yi, kuma ta baki. Mutumin nan ya yi tsalle, ya ce saiwar ce ta fito, a ƙara mata kofi. Na ga idon matata a lokacin. Ba zafin ciki na gani ba, tsoro na gani. Ta ga abin da ya fito daga bakin da take waƙar yabo da shi, ta yarda cewa haka take a gaban Allah.

Allah ya yi wa Ladi albarka. Ta iso da goyo a baya, ta dubi uwarta, ta dube ni. Ta ce, "Baba, kana zaune ana kashe ta?" Ta ture kofin, ta fita bakin titi ta taro mota. Mai addu'a yana biye da mu yana cewa in an fita da ita aikin zai warware. Ladi ta ce, "Ya warware har ya tsinke."

A asibitin kusa taɓa cikin kawai suka yi suka ce Kano. Muka bi ta Kwanar Ɗangora, kowane rami a hanya sai ta damƙe hannuna. A Kano na koyi cewa layi ma sana'a ce. Layin kati, layin biya, layin gwajin jini, layin hoto, sa'an nan layin tambayar wane layi ne naka. Wani ma'aikaci ya kore ni daga benci kamar kaza ta hau shanya. Wata nas kuma, wadda ban san sunanta ba, ta gan ni ina zagaye da takarda a juye, ta kama hannuna har ƙofar da nake nema. Ita Allah ya saka mata da alheri. Shi kuma Allah ya ba shi tsufa.

Likitan yaro ne, sa'an Ladi. Ya ce, "Baba, me ya sa sai yanzu?" Na ce muna maganin basir ne. Ya murza ido kamar wanda ya gaji da jin kalmar. Ya ce, "Ba basir ba ne. Ƙari ne ya tsiro a hanji ya toshe hanya. Ciwon daji. Da tun jinin farko kuka zo, da muna da magana mai daɗi. Yanzu ƙofa ta rufe, sai dai mu fasa mata taga." Sunan aikin kolostomi. Na haddace shi kamar ayar haddacewa, don masarar shekara da bijimin huɗa ne suka tafi a kansa.

Tagar kuwa taga ce. Suka huda gefen cikinta, suka fito da bakin hanji, ja kamar tumatir, suka manna jaka a kai. Duk abin da ɗan Adam ke zagayawa bayan gida ya ɓoye, nata sai ya taru a gefenta, ba sallama, ba lokaci. Likita ya ce ciwon ya riga ya bazu, a kai ta gida a kula da ita sosai. Na ji abin da ya faɗa, na kuma ji abin da bai faɗa ba.

Ladi ta zauna da mu iya abin da mai aure za ta iya, ta koma ɗakinta. Jakunkunan sai Kano ake samu, ga tsada kamar da azurfa aka ɗinka su. Da suka ƙare, awaki ma suka ƙare, sai muka koma leda da filasta da tsummoki. Leda kuwa ba ta da alkawari. Fatar wurin ta saɓule ta yi ja. Ga bazara ta shigo, ɗaki kamar tanda. Haka ni Ɗanjuma, da ban taɓa wanke ko cokali ba, aka naɗa ni Sarkin Baho ba tare da rawani ba. Safe da yamma in cire, in zubar, in wanke ta da ruwan ɗumi, in wanke tsummoki, in goge baho da toka. 'Yan majalisar gindin mangwaro suka samu abin hira. Na ce su yi dariya da kyau, gadon jinya ba ya aiko da goron gayyata.

Dole in ambaci Hansai, matar maƙwabcinmu Malam Isa. Kullum bayan sallar la'asar sai ta shigo da garwashi da turaren wuta, ta zauna a bakin gado, har goro take ci a wurin. Na ce, "Hansai, ba kya ji ne?" Ta ce, "Baban Ladi, na haifi tara. Wane wari ne bai gaishe ni ba?"

'Yan zumuntar matan majami'a ma sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun zo da ankonsu, sun tsaya a tsakar gida sun yi waƙoƙi masu daɗi, sun bar sabulu, kuma sabulun ya yi aiki. Amma ɗakin, biyu ne suka shiga, su ma da bakin gyale a hanci kamar masu ciwon haƙori. Da za su tafi sai matar Dattijo Barnaba ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Yaya Rifkatu, an ce a karɓi ƙyallen teburi, don ki huta. Da bahonsa." Rifkatu ta ce in buɗe akwati. Ranar na fara taɓa ƙyallen nan, kuma don in miƙa shi ne. Ta juya ta fuskanci bango. Likita ya yanka ta ba ta yi kuka ba. Ranar ta yi.

Daga nan ta daina waƙa. In na ce mu yi addu'a sai ta ce in yi ni kaɗai. Wata rana da hantsi ina cikin wanke ta sai ta ce, "Maigida, kai da kake ganin abin nan kullum, faɗa mini gaskiya. Allah yana ƙyamata ne?" Na mayar da abin wasa, na ce in akwai wanda yake ƙyama a gidan nan ai da ni zai fara. Ba ta yi dariya ba. Nan na gane ciwo biyu nake jinya. Na farkon zai tafi da ita, wannan na sani, na kuma sallama. Abin da na ƙi shi ne ta tafi tana zaton can ma za a tare ta a bakin ƙofa a toshe hanci.

Sai na ɗauko Littafi na yi ta binsa da yatsa, sa'an nan na tafi wurin Dattijo Barnaba. Na same shi a ƙofar gida yana sauraron rediyo. Bayan gaisuwa na ce, "Dattijo, ina so in kawo Rifkatu sujadar Ista."

Ya ce, "Ai Fasto zai iya kai mata jibi gida."

Na ce, "Majami'a nake so ta shiga. Ta zauna a bencinta."

Ya gyara tabarau. "Ɗanjuma, ba ƙiyayya ba ce. A cikin Shari'a an umarci jama'ar Allah, mai uzuri ya fita bayan sansani, ya tona rami, ya rufe, domin sansanin mai tsarki ne." Ya kawo lambar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da lamba. Amma na ga Ayuba zaune a toka yana sosa gyambo da tsingaro, abokansa masu ilimi sun kewaye shi suna cewa ya tuno laifinsa. Da aka zo ƙarshe, wa Allah ya tsawata wa, mai gyambon ko masu ilimin?"

"Wannan dabam ne."

"To. Na kuma ga inda Ubangiji da kansa ya nuna cewa abin da ya shiga ciki salga za shi, ba shi ke ƙazantar da mutum ba, sai abin da ya fito daga zuciya. Ko a nawa Littafin ne kawai? Don tsoho ne, bangonsa ma ya fita."

"Kana wasa da Maganar Allah."

"Wa, ni? Tambaya nake. Annabi ma ya kwatanta adalcinmu duka da tsumma mai dauɗa. To ni yanzu tsumma sana'ata ce, Dattijo. Nata yana fita da sabulu. Naka fa, wa ke wanke maka?"

Bakin nan dai da Rifkatu ta ce shi ya hana ni zama dattijo. Dattawa suka zauna a kan maganar, suka yanke: ta zo, amma benci na ƙarshe, jikin taga. Matar da tun tana amarya a layin gaba take zama. Na kawo mata hukuncin tare da ayoyina, ina taƙama kamar lauya. Ta ce, "Bar su, suna da gaskiya. Kai mijina ne, dole ka faɗi haka." Ko ɗaya daga ayoyin bai shige ta ba.

Ana saura 'yan kwanaki Ista, da rana tsaka, sai ga Fasto. Yaro ne sabon zuwa, mai kirki, sai dai a gaban dattawa kamar ɗan tsako ya ga shirwa. Ya shigo har ɗaki, ya zauna a bakin gado, bai taɓa hancinsa ba, ko da yake na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya buɗe wata leda. Ƙyallen ne. Ashe tun da aka karɓe shi yake yawo hannu hannu, wannan ta ce waccan za ta wanke, daga ƙarshe wata ta jiƙa shi ta ƙulle a leda ta manta. Ya yi funfuna baƙi baƙi, ga jan tabon ruwan inabi. Fasto ya ce, "Mama, ba wanda ya aiko ni. Ban san inda zan kai shi ba in ba wurinki ba."

Rifkatu ta kalli ƙyallen kamar an dawo mata da ɗanta daga hannun 'yan sanda. Ta ce, "Wayyo, wa ya yi maka haka?" Ta yunƙura, jiki ya ƙi. Da Fasto ya tafi ta ce, "Maigida, fito da ni inuwa. Yau kai ne hannuna. Kawo baho."

Na tsaya. Na ce, "Uwargida, bahonsa yana gidan Dattijo. Baho ɗaya muke da shi."

Ta san wanne ne, na jinyarta. Yana jingine jikin danga, tun safe na goge shi. Na ce bari in aro na Hansai. Ta yi ta kallonsa, har na sa takalmi. Sai ta ce, "Ka wanke shi?"

"Da toka da sabulu, kamar kullum."

"Ya fita?"

"Za ki iya ganin fuskarki a ciki, in kina da ƙarfin hali."

"Ni ma haka kake wanke ni?"

"Ke har da ruwan ɗumi."

Ta sake duban bahon. Sa'an nan ta ce, "Zuba ruwa."

Ban taɓa shan faɗa irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin daɗin faɗa haka ba. "Matse lemon tsami a kan tabon. Ba nan ba, can! Kada ka murɗe shi, ba wandonka ba ne!" Can ta ce in matso da bahon. Ta tsoma hannunta, wanda ya zama kamar karan dawa, ta kama gefen da tabon ya fi yawa tana cuɗawa a hankali. Sai na ji wani sauti da na manta. Dariya take yi, hannu ɗaya a ruwa, ɗaya dafe da gefenta kada leda ta ɓalle. Ta ce, "Maigida, in suka sani!" Na ce, "Wa zai gaya musu? Baho ba ya magana." Muka jiƙa, muka shanya, muka sake, har funfunar ta haƙura. Na hura gawayi na yi guga tana nuna mini inda na bari.

Ranar Ista aka ɗauke ta a mashin, ina baya ina riƙe da ita. Muka zauna a benci na ƙarshe jikin taga, ni da ita da Ladi. Majami'a ta cika har waje, amma bencin da ke gabanmu ba kowa, sai ka ce an ajiye wa gwamna. Dattijo Barnaba ya tashi yin sanarwa, idonsa ya faɗa kan teburi. Ya ce, "Jama'a, ku dubi ƙyallen nan. Haka Ubangiji yake son zukatanmu, fari fat, ba tabo, bai taɓa kusantar ƙazanta ba." Jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin, har sai da aka waiwayo. Rifkatu ta mintsine ni a cinya, kafaɗunta suna rawa. Da aka zo jibi, Fasto ya sauko da gurasa da ƙoƙo har benci na ƙarshe. Ta karɓa da hannu biyu, kanta a ɗage. Da aka ɗauki waƙar rufewa na ji muryarta a ciki, siririya, amma tata.

Ta cika da safe, washegarin ruwan shuka, ban daɗe da gama wanke ta ba. Ranar jana'iza gida ya cika. Masu gyale a hanci duk suka shiga ɗakin, don yanzu ba abin gudu. Dattijo Barnaba ya yi jawabi, ya ce 'yar'uwarmu yanzu an wanke ta, ta tsarkaka. Ladi ta riƙe mini hannu tun kafin ya fara, kada bakin nan ya buɗe. Amma da tsabtarta ta tafi. Ni na sani, ni na ɗora ruwan.

To ga gargaɗina, kyauta, ni na riga na biya. In kun ga jini a bayan gida, ko na tsohuwa ko na tsoho, kada ku tsaya gaban mai lasifika, ku nufi asibiti tun kuna da bijimin sayarwa da lokacin da zai yi amfani. Ku tambayi matanku har su gaji su faɗa. Kada kuma ku yarda wani ɗan Adam mai hanji irin naku ya karanta muku zunubi a cikin bokiti. In kun je gaida mai jinya, ku shiga ɗakin. Waƙar tsakar gida ba ta juya mara lafiya.

Ƙyallen kuwa, bayan Ista Fasto ya sake kawo shi, ba wanda ya tambaya, har yau kuma ba wadda ta zo karɓa. Ni ke wanke shi. Dattijo Barnaba, na san za ka karanta wannan da tabaranka. Tun Ista kake miƙa hannu kana ɗaukar gurasa daga kan ƙyallen nan, wata bayan wata, kuma ga ka nan garau. Bahon bai canja ba, yana nan jikin danga in kana so ka gaisa da shi. In wata rana ka ji cikinka ya ƙi tafiya, kada ka ce basir ne. Ka aiko, in raka ka Kano, na san layukan duka. In kuma aka fasa maka taga, kada ka damu da wanda zai shiga ɗakin. Hannuna ya riga ya saba.